Wutsiyar Alamar Alhaji Yari

Lokacin da Hamdiyya ta buɗe shafinta na intanet, mutum uku ke leƙa shi: ita, da ƙawarta Lubabatu, da ita kuma a wayar mahaifiyarta. Hotunan tafkin Kalmalo ne a ciki, sai zanen lalle, sai surutan budurwar da ta gama makaranta tana jiran aiki.

Mahaifinta, Alhaji Yari, dillalin albasa ne a Illela. Kowane ɗan kasuwa yana da alamar da yake shafa wa buhunansa da fenti, don idan mota ɗaya ta kwashi kayan mutum goma ta tsallaka iyaka zuwa Ƙonni, a san na kowa. Tasa da'ira ce mai wutsiya, wutsiyar kuma a karkace. Wannan karkacewa ta daɗe tana sosa wa Hamdiyya rai. Ranar nan ta zauna a kwamfuta ta zana da'irar tsaf, ta miƙar da wutsiyar, ta yanke siffar a jikin kwali mai kauri. A ɗora a buhu, a goga fenti, shi ke nan.

Ma'aikatan rumfar mahaifinta suka yi ta murna, aikin yini ya koma na awa guda. Ita kuwa kanta ya kumbura, ta saka hoton a shafi tana rawa a tsakar gida.

Kwana biyu murnar ta yi. Direba ya bugo waya: buhu arba'in an sauke su a rumfar wani Alhaji Halliru na Ƙonni, domin da'ira mai miƙaƙƙiyar wutsiya tasa ce tun fil azal.

"Mi ya kai ki gyara abin da ba ki tambaya ba?" in ji Alhaji Yari. "In Lahadi ta yi kayan ga ba su dawo ba, ki ruhe shahin nan. Na gama magana."

Ta ji kunya, ta kuma ji tsoro, don shafin nan shi ne abu ɗaya da ta gina da hannunta. Amma Hamdiyya ba ta iya zaman jimami ba. Washegari ta ɗauki waya ta bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, tana gaisuwa tana ɗaukar hoton alamomi: mai ƙafar kaza, mai tsani, mai ɗigo uku. A wannan karon sai ta tambaya kafin ta zana, kuma duk karkata ta bar ta yadda ta same ta. Kafin Asabar alama talatin da bakwai sun jeru a shafin, kowace da sunan mai ita. Direbobi suka fara tura wa juna. Masu leƙawa suka tashi daga uku zuwa ɗari huɗu, har ta gaji da sake dubawa.

Ranar Lahadi, kasuwa na ci, wani dogon dattijo ya tsaya a bakin rumfarsu.

"Ke ce ɗiyar da ta aiko min albasa kyauta?" in ji Alhaji Halliru, yana dariya. "Ga su can cikin motar kamiyo, ko ɗaya ba ta ɓace ba. Amma na gani a waya kin sa alamar kowa, ba ki sa tawa ba. Kuma allon rumfata ya tsuhwa, kina iya zana min sabo?"

Tana iyawa mana! Kafin la'asar wani mai shayi ya nemi tambari, wata mai turaren wuta ta nemi takardar liƙawa a kwalba. A zaune kan buhu ta goge zanen lalle daga saman shafin, ta rubuta: Ayyukana.

Alhaji Yari ya karɓi wayar, ya daɗe yana ja da yatsa. Ya tsaya a kan tasa, wadda ta mayar wa karkacewarta.

"Kakanki ya hwara zana ta," ya ce a hankali. "Buhu ya taɓa karya mai yatsa, shi ya sa hannunai bai miƙa layi. Ni kau ban taɓa son gyara mai ba."

Idonta ya ciko. Ya miƙa mata wayar.

"Maida ta sama, ita za a hwara gani."