Bikon Dunoma da Ƙyaure a Ka

Shekara biyu da dawowar Dunoma daga yaƙin ƙasar Bama, da wuya a sami mutum a Nguru wanda bai yi cacar baki da shi ba. Aikinsa awon gyaɗa ne a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. Tun safe manoma na rantsuwa buhunsu ya fi abin da sikeli ya nuna, akawu na daka tsawa, jirgi na kuwwa, raƙuman fatake na gurnani. In an tashi aiki, hayaniyar nan ba ta tsayawa a bakin sikeli. Sai ta shige kansa ta bi shi har gida.

Shi kuwa ba mugu ba ne. Bayan la'asar yakan zauna a gindin darbejiya ya gurfanar da kansa, ya kawo shaidu, ya yanke wa kansa hukunci cewa bai kyauta ba. Daga nan sai haushin hukuncin ya kama shi, ya tashi ya tsawata wa kaza.

Matarsa Huseina 'yar masunta ce daga Gashuwa, mace mai yawan dariya, ko da yake a gidan nan ita kaɗai take yin abarta. Ta yi haƙuri ranar da ya yi wa tukunya faɗa don tana tafasa da ƙarfi. Ta yi haƙuri ranar da ya yi gaba da akuyar maƙwabta har kwana tara. Amma wata Laraba, ana saura mako biyu a buɗe cinikin gyaɗa, ƙyauren ɗakinsu ya yi ƙara. Dunoma ya gargaɗe shi sau biyu. A na uku ya cicciɓe shi daga ƙofa ya yi jifa da shi tsakar gida.

Huseina ta dubi ƙyaure, ta dubi mijinta, ta shiga ta ƙulle kayanta.

"Yau ƙyaure ne, Malam," in ji ta. "Ni ma wani lokacin ina ƙara."

Kafin azahar ta hau mota, ta yi yaji zuwa gidan ubanta.

Dunoma ya zaga gidan sau uku bai sami wanda zai yi wa faɗa ba, don kazar ma ta tsallaka katanga. Da baƙin ciki ya ishe shi sai ya kwanta rub da ciki a kan ƙyauren nan. Yana kwanciya wani abu ya faɗo masa a rai. Lokacin da aka kai su Ikko suna jiran jirgin ruwan da zai tafi da su yaƙi, ya taɓa zuwa bakin teku ya ga masunta suna wani wasa. Mutum zai kwanta a kan guntun katakon tsohon kwalekwale, ya jira igiyar ruwa ta taso, ta ɗauke shi da gudu ta dire shi a kan rairayi. Wani daga cikinsu ya ba shi aron katakonsa. Igiya ta ɗaga shi, ta yi sama da shi, kuma gwargwadon lokacin da mutum zai shanye ludayin kunu, kansa ya yi tsit. Babu sajan, babu tsoro, babu ko Dunoma. Tun daga ranar bai sake jin shirun nan ba.

Ya tashi zaune ya shafa ƙyauren. Tsawonsa daidai, faɗinsa daidai. Abin da ya rage igiyar ruwa, ga shi kuma tafkin Nguru a shimfiɗe yake kamar tabarma. Sai ya tuna Huseina ta taɓa ba shi labarin cewa in makiyaya suna ƙetarar da shanu a mashigin Gashuwa, ruwa kan yi tunzuri har kwalekwalen da ke ɗaure su riƙa karo da juna.

A al'ada miji ba ya zuwa biko da kansa, dattijo yake turawa. Dunoma ya lissafa dattawan unguwa ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wanda bai ɓata da shi ba, ko a kan jaki, ko a kan magudanar ruwa, ko a kan yadda mutum yake tari. Washegari ya ɗaure ƙyaure a bayan mota, ya zauna a kansa har Gashuwa.

Ya iske surukinsa Kalli a ƙofar gida yana gyaran komar kamun kifi. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ƙyaure a kansa, don ya rasa inda zai ajiye shi ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Mata suka leƙo ta kan zana. Tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Na ga masu biko da goro, na ga masu biko da turmin atamfa," in ji Kalli. "Kai ne na farko da ya zo da ƙofa. Ɗakin yana biye ne?"

Dunoma ya sunkuyar da kai gwargwadon yadda ƙyaure ya bari, ya yi bayani duka, tun daga hayaniyar sikeli har zuwa tekun Ikko. Kalli bai yi dariya ba, sai dai ya riƙa cizon zaren komarsa fiye da yadda gyaran yake bukata. Daga baya ya gaya masa cewa shi ba ya riƙe da Huseina, ita ke riƙe da kanta, kuma sharaɗinta ɗaya ne: ba za ta koma Nguru ba sai ta ji dariyar mijinta da kunnenta. Ba murmushi ba, ba labari ba. Game da shanu kuwa, garken ƙarshe na bana na Hamajoɗa ne, gobe da hantsi zai ƙetare. In ya wuce, sai baɗi.

Da hantsi mashigi ya cika da mutane, don labari ya zaga gari. Hamajoɗa, wani dogon Bafillace da sanda a wuya, yana ganin tsagen fuskar Dunoma ya gane Babarbare ne, ya washe baki. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kuma kowa ya san wanda ya yi fushi da abokin wasa shi ya ji kunya.

"Bawana, me ka kawo mini?" in ji Hamajoɗa. "Ƙofa? Mu da ba mu da ɗaki?"

Dunoma ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ce a ba shi wuri ya gwada kayansa kafin shanu su shiga. Ya tura ƙyaure cikin ruwa, ya kwanta a kai, ya miƙe ƙafafu kamar yadda ya gani a Ikko.

A nan ne wani kuskure ya bayyana. Dunoma haifaffen Yusufari ne, ƙasar tudun rairayi, inda ruwa sai a rijiya. Ya tashi da yaƙinin cewa duk abin da ake kira itace yana tasowa a kan ruwa. Ƙyauren nan kuwa na ƙirya ne, irin itacen da maƙera ke yin gawayi da shi, an kuma ɗaure shi da ƙarafa uku. Bai yi gaggawa ba. A hankali ya fara yin ƙasa, Dunoma yana kwance a kai cikin natsuwa, ruwa ya rufe bayansa, ya rufe wuyansa, har saura hula. Hular kam ta taso.

Da aka tsamo shi, Hamajoɗa ya ce ai bawansa ya yi dabara, ya sa wa kogi ƙofa don kada kifi su fita. Jama'a suka bushe da dariya. Dunoma ya ji jirgin ƙasa ya taso a cikin kansa da taragu arba'in. Ga abokin wasa, ga suruki, ga kuma Huseina can gefe tana wanki, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ya danne.

Kalli ya mirgino masa goransa na kamun kifi, wani ƙaton gora da mutum biyu ba za su rungume ba, mai baki a sama inda ake jefa kifi. Ya yi masa bayani a taƙaice. Masunci yakan kwanta ne ya toshe bakin goran da cikinsa, ya yi tuƙi da hannu da ƙafa. In ya ɗaga ciki, ruwa ya shiga. In ya ƙame jiki, gora ya juye da shi. Dole ne ya saki jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Dunoma ya tuɓe riga cikin kunya, ya hau, ya ƙame kamar yana fareti. Gora ya juye. Aka zubar da ruwa, ya sake hawa, ya yi wa goran kashedi a hankali don kada suruki ya ji. Gora ya juye. A karo na uku bai ma gama hawa ba.

Kalli ya ce ba laifinsa ba ne duka, gora in babu komai a ciki ya fi rawa. Ya kira Huseina ya ce ta je bayan kwalekwale ta sa wa goran ɗan nauyi. Ta ɗauka ta tafi, ta dawo da shi ta ajiye. Dunoma ya ɗauka dutse ne ko yashi. Ya hau, goran ya ɗan tsaya, Kalli ya tunkuɗa shi zuwa inda ruwa ya fi tsayin mutum.

Can sama Hamajoɗa ya yi kira, babbar saniyarsa ta faɗa ruwa, garke ya biyo ta. Shanu sun fi ɗari, ba ka ganin komai sai ƙaho da hanci. Dunoma ya ga lallai bai shirya ba, ya yi tunanin ya roƙi Hamajoɗa in sun ƙetare ya dawo da su a sake. Sai kuma abin ya tsaya masa a rai. Ya halatta a wahalar da dabba ɗari, har da masu ciki da 'yan maruƙa, don kan mutum ɗaya ya yi sanyi? In bai halatta ba, to shi da yake wahalar da unguwa guda shekara biyu saboda kan nan ɗaya, wa ya taɓa tambaya? Ya nutsa cikin wannan shari'a har ya manta da ƙame jiki, hannuwansa suka yi laƙwas a cikin ruwa.

A daidai nan wani abu ya motsa a cikin goran.

Da fari ya ji kamar an goga masa zare a ciki. Sai ya ji zare biyu, huɗu, masu sanyi, suna lalube, har suka sami cibiya suka tsaya a nan suna bincike. Nauyin da Huseina ta sa tarwaɗa ce mai rai, da ɗan ruwan da zai ishe ta juyawa, kuma tana neman ƙofar fita da gashin bakinta. Dunoma ya duba halin da yake ciki. In ya ɗaga ciki, goran suruki zai nutse, shi ma ya bi shi. In ya yi ihu, ya yi ihu a gaban suruki. Ya cije leɓe. Tarwaɗa ta sake zagayowa.

Abin da ya fito daga bakinsa da fari ba a san me za a kira shi ba, kamar ƙarar ƙyauren nan ne. Sai ya ɓalle. Dariya ce ta shekara biyar da ta taru, tana fita da tari da hawaye, har wata saniya ta juyo ta dube shi. Yana cikin haka igiyar garke ta iso. Tsayinta bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, in aka faɗa wa masuntan Ikko ma sai su yi dariya. Amma ta ɗaga goran, ta juya shi, ta tafi da shi suuu, kuma a cikin wannan ɗan lokaci jirgi ya tsaya, akawu ya yi shiru, sikeli ya huta. Ta dire shi cikin taɓo, taku biyu daga inda Huseina take wanki.

Ta matse zanen da ke hannunta, ta dube shi yana kwance yana sheƙa sauran dariyar.

"Na ji," in ji ta. "Sai ka tashi, ka danne abincin rana."

Dunoma ya roƙi a saki tarwaɗar, yana cewa bai dace a ci wanda ya yi maka alheri ba. Kalli ya ce shi bai san wannan mas'alar ba, abin da ya sani baƙo ya zo dole a ba shi abinci. Aka dafa ta da barkono. Hamajoɗa ya aiko daga ƙetare cewa a rage wa ubangidan Dunoma kan kifin. Dunoma ya ci, ya kuma ƙara, abin kuwa ya dame shi shekaru.

A cikin mota suna komawa Nguru, bayan sun wuce rabin hanya, ya tambayi Huseina abin da ke cinsa. Shin igiyar ruwa ce ta warkar da shi ko kifi? Don in kifi ne, ashe duk abin da ya riƙe tun daga Ikko bai kai gashin bakin tarwaɗa ba.

"Ka bar shi a igiyar ruwa, Malam," in ji ta. "In ka ce kifi ne, kullum sai na nemo mai rai na sa maka a riga."

Ya bar shi a igiyar ruwa. Faɗa bai rabu da shi duka ba, akuyar maƙwabta shaida ce, amma ya ragu har dattijo biyu suka dawo amsa gaisuwarsa. Kowace shekara kafin a buɗe cinikin gyaɗa yakan hau mota zuwa Gashuwa ya jira shanun Hamajoɗa, kuma kafin ya hau gora sai ya leƙa ciki da kyau. Ƙyauren yana nan a ƙasan mashigi, masunta sun san wurin don yana kama musu koma. A ƙofar ɗakin Huseina kuwa asabari aka rataya, wanda ba ya ƙara.