Lemar Meshak

A'a, Gershon, kada ka ce mini tsufa ne. Hankalin nan da shi na haife ka. Sauke ƙafarka daga kan lemar, kana taka mini citta.

Na ji abin da Fasto ya ce. Tun da teku bai ba da gawar Meshak ba, a naɗe lemar, a sa a akwati, a yi waƙa, a rufe a bayan gidanmu. Wai don zuciyarmu ta kwanta. Tawa a kwance take. Tun ranar da abokansa suka kawo abin nan daga Legas a cikin buhu ban ji komai ba. Ko yaji ba na ji a miya.

Kai ƙanen ubansa ne, amma sau nawa ka kira Meshak? Ni jikana yake kira. Kafin ya shiga ruwa sai waya ta yi kuka: "Kaka, yaya sama a Kagoma?" In ce masa tururuwa na kwashe ƙwai, gwiwata na ciwo, hadari na haɗuwa ta wajen Gidan Waya. Ya yi dariya, ya ce iskar da ke kawo mana ruwa daga wajensu take tasowa, wai shi ke fara hawanta kafin ya turo mini saura. Sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya tsaya kan katako a bisa ruwa, iska ta cika lema a sama, ta ja shi ta gefen teku har kusa da Kwatano, sannan ya juyo. Yana cewa, "Tafiya ba wuya, Kaka. Dawowa ce aiki, sai iska ta yarda."

Ranar da ya ɓata, iska ta mutu da rana tsaka. Haka yaran suka ce. Sun tsinci lemar tana yawo kan ruwa, igiya a sake, ba kowa.

To, ga ta nan. Ruwa ba ya ratsa ta, ta fi tampol ɗin kasuwar Kafanchan. Da safe in shanya citta a kai, in zauna ina duban kudu. In sama ta ɓata rai, in ja gefe in rufe. Emilia matarka ta faɗa a zumuntar mata wai ina shanya a kan likkafani. Ita ce fa ta aiko a ara mata ranar bikin ƙanwarta, a yi wa baƙi inuwa.

Ban ce yana da rai ba. Ban ce ya mutu ba. Ranar da abin ya faru ba wanda ya tambaye ni yadda sama take.

Amma wannan ita ce ta dawo, Gershon, don me za ka binne ta? Wanda bai dawo ba, je ka kawo shi, ni da kaina zan nuna maka inda za a haƙa. Yanzu kama wancan gefen, ruwa na zuwa.