Sai Muriye Ya Yi Baƙi

"Ajiye addar nan, maigida, don Allah," in ji Achta. Ta sha gaban mijinta.

"Tsami ne da shi kamar tsamiya," in ji Sulaimanu. "Gara in sare shi, babur ɗina ya samu rumfa."

Itacen muriye ne, mai ƙananan 'ya'ya da ake ci, wanda ta taho da reshensa daga gidan marigayiya mahaifiyarta a Banyo, ta dasa a tsakar gidansu na unguwar Roumdé Adjia a Garoua. Zafin Garoua ya sha ƙona ganyensa, ita kuma ta yi ta raya shi da ruwan wankin shinkafa. Sai bana ya fara 'ya'ya, har ta daina zama wuri ɗaya, kullum tana zagaya shi.

"Wanne ka ci?"

"Jajayen mana. Ko tumatir in ya yi ja ai ya nuna."

"Wannan ba tumatir ba ne, ɗan birni. Ja ɗanye ne. Sai ya yi baƙi ƙirin yake zama zuma."

"Ina baƙin? Ban taɓa gani ba."

Achta ta ɗaga kai. Tsuntsaye na ta tsalle a rassan, ƙasa duk ɗigon kashinsu shuɗi. Ashe su ke riga su cinye baƙaƙen.

Ta shige ɗaki da sauri, ta fito rungume da gidan sauron gadonsu.

"Achta, mu fa?"

"Sauro ya cije mu," ta ce, tana miƙa masa gefe ɗaya. "Itacen Inna zan rufe, kuma ba mai sare shi sai ka ɗanɗana baƙin."