Jan Kwano a Makabartar Gabas

Samarin garinmu ne suka haɗa kai, wai za su gyara tsohuwar makabartar gabas, su kewaye ta da bulo, su kuma tattara tarihin garin. Malam Abdulkabir, malamin firamare, shi ne jagoransu. Aikin lada ne, ban musa ba. Amma da sun tambaye ni kafin su ɗauki fatanya, da ba haka ba. To, wa zai tuna da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen gari?

A makabartar nan 'yata take, ita kaɗai Allah ya ba ni. Ƙyanda ce ta ɗauke ta tana tatata. Mu mata ba ma bin gawa, don haka mai gidana ne ya kai ta. Da ya dawo ya ce min ya kifa jan kwanonta na kunu a wajen kanta, kusa da wata sabara. Shi ma daga baya ya tafi ci-rani kudu, can ƙasa ta rufe shi. Tun lokacin, in zan je gona sai in bi ta gefen shinge in rage tafiya. Daga gindin aduwa ana hango kwanon cikin ciyawa. In yi mata addu'a a zuci, in wuce.

Ranar aikin, Abdulkabir ya yi sallama da wayarsa a hannu.

"Inna Kaltume, an ce kin fi kowa sanin mutanen da. Muna so mu ɗauki muryarki."

Rabon da wani ya zauna a tabarmata ya saurare ni har na manta. Sai baki ya buɗe. Na ba shi labarin marinar da ta mutu, da rijiyar da aka cike, da masaƙan da suka taso daga wajen Zakirai. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ashe ina nan ina zuba, sauran suna can suna aiki.

Bayan la'asar na fita in gani. An share wurin fes, an sare sabara, an yi wa kowane kabari sabuwar ƙasa. A bakin ƙofa kuwa ga tulin fasassun tukwane da tsofaffin kwanuka. Yaran nan sun saba da allon ƙarfe mai suna, sun ɗauka bola ce mutane suka zubar.

Na tona tulin da hannuna har na ciro kwanon 'yata, duk ya yi tsatsa. Ban san na iya masifa haka ba sai ranar. Babu wanda ban wanke ba, har iyayensu da suka ƙi gaya musu.

Abdulkabir ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Shigo ki nuna mana, yanzu mu mayar."

Ban taɓa taka cikin wurin ba sai ranar. Ƙananan kaburbura birjik, duk iri ɗaya. Na koma waje gindin aduwa na hanga, na sake shigowa. Babu ciyawa, babu sabara, ido bai da abin kamawa.

Wani saurayi ya nuna ɗaya. "Ina jin wannan ne."

"Kana ji? Ba za ku kifa wa ɗan wata kwanon 'yata ba."

Na zauna a ƙasa. Abdulkabir ya durƙusa gabana.

"Inna, ko sunanta ki faɗa min, ya shiga tarihin."

'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan 'yar fari, kunya ce. "Ke" nake ce mata har ta koma, kuma ranar ko hawaye ban bari an gani ba. Na shiga lissafa waɗanda suka ci naman sunanta, babu ko ɗaya a raye. In na yi shiru, daga ni shi ke nan.

Ya matso da wayar.

Na ce, "Ikilima."

"Bai fito ba, Inna. Ki ɗan ɗaga murya."

Na sake faɗa da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Sai kuka ya ƙwace min a gaban 'ya'yan mutane, kuma ban rufe fuskata ba.