Ƙofar Madacin Baba

Katako ɗaya ne tak, kuma babu inda za a samo wani. Daga madacin da marigayi mahaifin su Zakiyyu ya shuka a Yashe aka yanko shi, bayan iskar damina ta kayar da bishiyar. Mahaifiyarsu, Inna Kubura, ta ce a yi ƙofa da shi, a kafa ta ranar Juma'a a masallacin da marigayin ya yi wa ladanci. Autanta Zakiyyu, kafinta a Kankia, ya bugi ƙirji ya ce injinsa ne zai sassaƙa zanen, ba hannu ba.

Shi ya haɗa injin da kansa, da ƙarafan tsohon gado da manyan moto uku na lantarki masu motsa bakin injin. Kowane moto yana da direba, wani ɗan allon lantarki mai ba shi wuta daidai kima, yana juya shi taki-taki. Sai dai direbobin da ya samo a Kano ƙanana ne, kowane moto ya fi ƙarfin direbansa. Ya sani sarai. Amma Zakiyyu irin mutanen nan ne da in abu ya yi aiki sau ɗaya, to a wurinsu magana ta ƙare.

Ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar zane, fis mai katse wuta in ta yi yawa ya ƙone. Zakiyyu ya canza shi, sabon ma ya ƙone, kuma shi ne na ƙarshe a shagon. Direba ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Tsoro ya kama Zakiyyu.

Yayansa Mamuda, da ya zo ɗaukar ƙofar, ya ce, “Kashe shi ya huce. Mu ce ma Inna sai wata Juma'a.”

“Yaya, liman ya riga ya sanar. Mi zan ce ma mutane?”

Sai ya yi abin da ya saba yi wa wutar gida. Ya murɗa wayar tagulla, ya cusa a gurbin fis ɗin. Injin ya tashi, har Zakiyyu ya fara murmushi. Ba a jima ba warin roba ya cika shagon, hayaƙi ya turnuƙe, bakin injin ya nutse cikin katakon yana yagar sa a karkace. Zakiyyu ya lalubi makunnin gaggawa na kashe injin, sannan ya tuna bai taɓa saka shi ba. Kafin Mamuda ya ture kabad ya zare waya daga bango, katakon ya dare gida biyu.

Da la'asar suka isa Yashe. Zakiyyu ya durƙusa a tsakar gida. Inna ta daɗe tana shafa tsagar da tafin hannu.

“Da tulu Babanku ya riƙa ba madacin nan ruwa,” in ji ta, “tun daga rijiyar bakin hanya.”

Ta dubi Mamuda, shi kaɗai.

“Kai mani shi ɗakina. Ka ce ma liman su sa labule a bakin masallacin.”