Rabon Igiya

Shekara biyu Ummulkhairi ta kashe a jami'a a Kalgo tana bin sawun wasu kumbuna biyu da aka harba sararin samaniya tun mahaifiyarta na goye. Da suka yi nisa, sai aka lura gudunsu na raguwa kaɗan fiye da yadda lissafi ya nuna. Masana sun daɗe suna kai ruwa rana, daga baya suka ce zafin da ke fita daga jikin kumbunan ne ke tura su baya. Ita kuwa ba ta da saurin yarda. Ta ce sai ta sake lissafin, ko akwai ragowar da zafi bai bayyana ba.

Ta kuwa sami ragowar, amma 'yar mitsitsiya, ba ta ma kai girman kuskuren na'urorin da suka yi awon ba. Saura kwana biyar ta kare aikinta a gaban malamai, ga shi ba ta iya cewa akwai, ba ta iya cewa babu. Ta san in ta zubar da wasu alƙaluma goma sha ɗaya masu kawo cikas, sakamakon zai fito fes, ba wanda zai gane. Har ta fara jin tsoron kanta.

Ranar Asabar ta gudu gida Gwandu, ta tarar kawunta Bawa zai tafi Dodoru rabon gonar gado, ta bi shi. Tsoho ne mai faɗan tsiya, amma shekara talatin ba a taɓa tayar da awonsa ba. Ya ja igiya, ya kafa turaku, sai ta ga ya bar wani siririn fili, kamu biyu, tsakanin magada biyu.

"Kawu, wannan fa na wa ne?"

"Na igiya," in ji shi. "Da sahe ta sha raɓa ta ƙanƙance, da rana ta saki. Ban san gaskiyar wurin ga ba, ɗiyata, mi za ni ba wani? In an samu abin awon da ya hi nawa, a raba musu."

Magadan suka yi masa godiya, kowa ya kama gabansa. Ita ce kawai ta tsaya tana kallon filin, tana tunanin tata ragowar.

Ranar Alhamis ta gabatar da aikin, ba ta cire ko alƙalami ɗaya ba. Farfesa Siddiƙu, wanda ɗalibai ke canza hanya in sun hango shi, ya dube ta ta saman tabarau.

"Wato shekara biyu ba ki gano komai ba?"

"Na gano inda awon nan ya tsaya, Farfesa," ta ce. "Ƙasa da nan, duk wanda ya ce ya gani, bai gani ba."

Ya juya shafi, ya sake tambayarta.

"Wace irin na'ura ce za ta gani?"

"Na lissafa. Yana shafin ƙarshe."

Ya ajiye jan bironsa, ya jawo kujerar da ke gefensa. "To zo ki zauna, ki nuna min."