Wuyan Bindigar Fenti

Bindigogin fenti biyu, a warware, cikin jakar goyo. Ƙaramin tulun iska. Ledar ƙwallayen fenti. Takardar izinin filin wasa. Ma'aunin kauri. Sandunan walda shida da na zo da su daga Jamus. Burodi da ta'amiya, ƙosan Masar, a naɗe cikin jarida. Sai Midhat, ɗan kawuna, wanda ba kaya ba ne amma ya fi kayan nauyi.

Mun wuce Banha, ƙaramar bas tana gudu tsakanin gonakin masara da magudanar ruwa. Mit Ghamr muka nufa, shagon wani tsohon maƙerin alminiyom.

Ni da Midhat muke da filin harbin fenti a hamadar bayan Alƙahira. Samari su rufe fuska, su rabu gida biyu, su yi ta ɗirka wa juna ƙwallayen fenti har su gaji. Bindigoginmu talatin ne. Goma sha biyu sun karye, duk a wuri ɗaya: wuyan alminiyom da ke riƙe da gorar ƙwallaye a saman bindigar. Sauran ma sun fara tsagewa. Kamfanin da ya ƙera su ya daina aiki. Na kai wa masu walda uku a Alƙahira, masu injinan zamani. Biyu sun ƙi taɓawa, na uku ya narkar da guda. In wuyan nan bai gyaru ba, za mu rufe filin, ni kuma in koma Stuttgart ta Jamus. Na riga na gaya wa mahaifiyata.

Shekara tara na yi a can ina karatun ƙarafa, don haka na san dalilin da ba zai gyaru ba. Zubi ne, cike da ƙananan ramukan iska. Kaurinsa bai kai milimita biyu ba. Wuta na taɓa shi zai tofar da kumfa ya zube.

"Injiniya, saki fuska mana," in ji Midhat. "Tsohon nan shi ya ɗinke wa surukina kan injin babur."

"Kan injin ya ninka wannan kauri sau goma."

"To in mun isa ka yi masa bayani da Jamusanci, ya ji tsoro."

Shagon yana ƙarshen wani lungu, bayan tulin tukwane da farantai da suka kai tsayin mutum. Ƙarar guduma ta ko'ina. Usta Bayyumi na zaune a kan bulo, ya haura saba'in, jallabiyarsa duk hujin tartsatsi. Na ajiye masa bindigogin. Ya daɗe yana kallo.

"Wa za ku kashe?"

"Ba kowa, Usta. Fenti take harbawa."

"Fenti." Ya dubi Midhat, ya dube ni. "Mu ƙwai muke rinawa ranar bikin Shamm an-Nasim. Ku mutane kuke rinawa. Allah ya ƙara basira."

Ya ɗauki karyayyen wuyan ya sake shi a kan dutsen daɓe, ya karkata kunne. Ya sake yi. Sannan ya goga masa magagari sau biyu, ya jawo kwalbar tsamin da yake cin abinci da shi, ya tsoma yatsa ya ɗiga ruwan khal, wato binega, a wurin da ya goge. Ya jira. Bai yi kumfa ba.

"Alhamdu lillahi, ba mai kamawa da wuta ba ne," ya ce.

Na san abin da ya gwada. Akwai wani ƙarfe mai kama da alminiyom wanda in ya kama ci ruwa ba ya kashe shi. A jami'armu injin da ke rarrabe su ya kai girman firji.

Na miƙa masa sandunan waldata. Ya lanƙwasa guda, ya goga, ya duba.

"Ɗan gidan wa?"

"Jamus."

"Kyakkyawa ne. Amma baƙo ne, ɗana. Ba ni ɗaya bindigar."

Kafin in gane nufinsa ya sa zarto ya yanke ragowar wuyan ta biyun, har da ɗan saman jikinta.

"Usta!" Midhat ya miƙe tsaye. "Asibiti muka kawo ta, ba mahauta ba!"

"Zauna, mai ƙaton ciki. Nawa suka rage a gida?"

"Tara."

"To ɗaya za ta ciyar da goma. Ƙarfe ba ya karɓar kowa sai ɗan uwarsa."

Ya narkar da abin da ya yanka a cikin ludayin ƙarfe, ya kwashe dattin sama, ya zuba a wani siririn layi da aka sassaƙa a jikin bulo. Ya fito kamar tsinken tsintsiya. Sannan ya kwaɓa yumɓu da toka ya cika cikin wuyan, ya daidaita karayar da yatsu, ya gasa yumɓun har ya bushe. Jikin bindigar ya binne shi a yashi, wuyan kaɗai ya bari a waje.

Daga nan ya ɗauko sabulun wanki, irin na kowa, ya ja layi biyu a gefen karayar.

"Baƙin ƙarfe mai gaskiya ne," ya ce yana kunna wuta. "In ya ji zafi sai ya yi ja, kowa ya gani. Wannan kuwa munafuki ne. Fuskarsa ɗaya har ya zube. Sabulu ne ɗan rahotona."

Bai kai wutar kan karayar ba. Ya riƙa kewaya ta daga nesa, a hankali, har na ƙosa. Layin sabulun ya koma kalar shayi, ya koma kalar gahawa, ya yi baƙi.

A hannun hagu ya riƙe tsinken da ya zuba da wata wayar ƙafar keke da ya fiƙe bakinta. Ya kawo wutar kusa. Na tsuguna, fuskata dab da kafaɗarsa. Na san abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, zan iya zana shi a allo: tsakanin tauri da zubewa bai fi daƙiƙa biyu ba. Na zuba ido ban ga komai ba. Fari ne, fari ne, fari ne. Sai kawai ya ɗauke wutar, ya karce da wayar, ya taɓa tsinken, ɗigo ɗaya ya kwanta a karayar kamar da can wurinsa ne. Ya juya. Ya maimaita. Sau goma sha ɗaya na ƙirga, kuma ko sau ɗaya ban riga hannunsa gani ba. Sau biyu ƙarfen ya tofo baƙin kumfa, ya tsince shi da bakin wayar tun bai fashe ba, kamar mai cire tsakuwa a shinkafa.

Ya kashe wuta, ya rufe aikin da toka mai ɗumi, ya aika a kawo shayi daga maƙwabta. Na karɓi kofina, ya karɓi nasa.

Bayan ya huce ya fasa yumɓun, ya bi da magagari. Inda wuyan ya haɗu da jiki bai mayar da shi yadda kamfani ya yi ba, ya bar masa ɗan gangare.

"Nan ya kashe su duka," ya ce. "Wanda ya zana wannan kusurwar bai taɓa faɗuwa da kaya a hannu ba."

Na sa ma'auni a ramin, na juya ta kowane gefe. Bambancin bai kai kaurin gashi biyu ba. Na kai shi hasken rana ina neman rami ko guda. Babu.

"Usta, yaya kake sanin lokacin?"

"Gumi yake yi."

"Na duba. Ban ga gumi ba."

"Ƙarfen kake kallo. Hasken wutar da ke kwance a kansa za ka kalla. In ya motsa, ka ɗauke hannu. In ka tsaya tabbatarwa, ka yi ludayi."

"Ka yi me?"

"Ka yi ludayi, nake ce maka. Sai dai a sake narkarwa a yi ludayi."

"Shekara nawa ka yi kafin ka gani?"

"Huɗu ina lalata tukwanen ubana. Ya dake ni, ya gaji."

"Wa ka koya wa?"

"Ɗana yana tuƙa mota a Kuwait. Ya fi ni hankali."

Na haɗa bindigar, na ɗaura tulun iska, na cika gorar. Usta ya karɓa, ya riƙe ta ta wuya, ya maka ta a jikin gungumen da ke riƙe da rumfa. Sau uku. Midhat ya rufe ido. Wuyan bai ko motsa ba. Sannan tsohon ya saita wata tukunya a ƙarshen lungu ya danna kunama. Tukunyar ta yi ƙara, ta koma ruwan hoda. Ya yi dariya har da tari, ya ƙara mata biyu.

Aka kira la'asar. Ya kakkaɓe jallabiya ya fitar da mu waje.

"In na kawo sauran, za ka bar ni in riƙe wutar?" na ce.

"Injiniya guda?" Ya kama ƙofar ƙarfen. "Fara kawo tukwanen mahaifiyarka."

Ya jawo ta ƙasa, ta rufe da ƙara.

Na rataya jaka. "Ba za mu rufe filin ba," na ce wa Midhat. "Ba kuma zan koma Jamus ba. Asabar zan dawo da taran, in ci gaba da zuwa har sai na ga abin da yake gani."